Yadda zaka gane farfaganda, da kuma inda ya dace ka kira abu da wannan sunan

A siyasar ƙasar nan ban san kalmar da ta sha wuya kamar farfaganda ba. Gwamna ya buɗe titi, 'yan adawa su ce farfaganda ce. 'Yan adawa su ɗauko hoton makarantar da iska ta yaye rufinta yara na zaune a ƙasa, mai magana da yawun gwamna ya fito ya ce farfaganda ce ta maƙiya ci gaba. Sojojin baka a gidajen rediyon Kano kuwa kullum da daddare suna jifan juna da ita, har ta kai yanzu idan mutum ya ce "farfaganda ce" abin da yake nufi kawai shi ne maganar bata yi masa daɗi ba. To wannan ba ƙaramar asara bace, don abu ne na gaske da yake da masu yinsa da kasafin kuɗinsa da ofisoshinsa, kuma ya kashe mutane ba adadi, idan sunan ya zama abin wasa ranar da ta gasken ta zo bazamu gane ta ba.

Abu uku ne idan suka haɗu zaka kira magana farfaganda ba tare da ka zalunci kowa ba. Akwai mai ita, wato wani ko wasu da suka zauna suka tsara, gwamnati ce ko jam'iyya ko ƙungiya ko kamfani. Akwai taron jama'ar da aka nufa, ba mutum ɗaya ba. Sannan akwai abin da ake so jama'ar nan su ji a ransu har su aikata, su zaɓi wane, su tsani su wane, su yarda a tafi yaƙi, ko su yi shiru kawai su zuba ido. Ka lura ban sa ƙarya a cikin sharuɗɗan ba, kuma da gangan ne. Ana yin farfaganda da ƙarya tsagwaronta, ana kuma yinta da gaskiyar da babu wanda zai iya musawa, wannan ta biyun ma ta fi cin mutane, zan dawo kanta.

Asalin kalmar daga Latin ne kuma da can bata da wari ko kaɗan. A 1622 Fafaroma Gregory na 15 ya kafa wani ofishi a Rum mai kula da yaɗa addinin Katolika a ƙasashen duniya, daga sunan ofishin nan aka samo ta, ma'anarta yaɗawa kawai. Yaƙin duniya na ɗaya ne ya ɓata mata suna. A 1917 jaridun Ingila suka baza labarin wai Jamusawa suna da masana'antar da suke narka gawarwakin sojojinsu suna fitar da kitse, mutane suka yarda, sai a 1925 gwamnatin Ingila ta faɗa a majalisa cewa labarin ba shi da tushe. Da Hitila ya hau mulki a 1933 kuwa ma'aikata guda ya buɗe da sunan wayar da kan jama'a da farfaganda ya ɗora Joseph Goebbels a kai, suka sa aka ƙera rediyo mai arha don muryarsu ta shiga kowane gida. Tun daga nan babu gwamnatin da ke son a kira aikinta da wannan suna, sai dai ka ji ma'aikatar yaɗa labarai ko hulɗa da jama'a.

Ka fara raba ta da 'yan uwanta

Duk wanda ya yi wayo a watan Agustan 2014 ya tuna daren gishiri. Waya ta dinga ƙara tun kafin asuba, uwa ta kira ɗanta, ɗa ya kira ƙanwarsa, a tashi a yi wanka da ruwan gishiri a sha wai maganin Ebola ne, mutane da yawa suka ƙare a asibiti, an ruwaito mutuwar aƙalla biyu. Ƙarya ce, ta yi ɓarna, amma wannan jita-jita ce, waɗanda suka kira ka don ƙauna suka kira ka, babu wata riba da suke jira. Idan ka kira irin wannan farfaganda ka ɓata ma'anar.

Talla ma daban take, don mai tallan sabulu ya gaya maka shi waye kuma kasan kuɗinka yake so. Wayar da kai irin na a wanke hannu ko a kai yara rigakafi, eh tana amfani da salon da farfaganda ke amfani da shi, waƙa da fosta da maimaici, amma idan ka bi diddigin maganar zaka tarar da ita yadda aka faɗa kuma amfanin naka ne. Yarfe shi ne ɗan uwanta na jini, a ƙaga wa mutum laifi a liƙa masa, sai dai yarfe makami ɗaya ne a cikin jakar, farfaganda ita ce jakar baki ɗaya.

Akwai kuma masu zama a tsakiya waɗanda ni kaina nake ganin ana iya jayayya a kansu, irin su shirin yaƙi da rashin ɗa'a na 1984 da shirin wayar da kan jama'a na MAMSER na zamanin Babangida a 1987. A bi layi, a share gari, waye zai ce laifi ne? Amma a lokaci guda gwamnatin soja ce ke koya wa jama'a cewa matsalar ƙasa halin talaka ne. Irin wannan ka iya cewa wayar da kai ce mai ɗauke da farfaganda a cikinta, kuma baka yi ƙarya ba.

Tambaya ta farko: maganar waye?

Kafin ka tsaya kan ko gaskiya ce ko ƙarya, nemi mai ita tukuna. Mu da muka taso da jin isnadi a karatun hadisi bai kamata wannan ya zama baƙon abu ba, wa ya faɗa, daga wa ya ji, shi wancan ɗin ya halinsa yake. Aya ta 6 a Suratul Hujurat ma abin da ta ce kenan, idan fasiƙi ya zo da labari a bincika kada a afka wa mutane cikin jahilci a dawo ana nadama. Amma sai ka ga malami guda da zai kwana yana bin ruwaya ɗaya, saƙon murya ya shigo masa a WhatsApp da muryar wani da bai faɗi sunansa ba bai faɗi garinsu ba, yana cewa "jama'a ku yaɗa saboda Allah", shi kenan ya tura gurup goma.

Wata farfagandar a fili take, ka san mai ita. Tashar gwamnatin jiha idan tana yabon gwamna babu wanda aka yaudara, kowa ya san wa ke biyan albashi. Haka tashoshin waje da suka buɗe sashen Hausa, BBC a 1957, Muryar Amurka a 1979, RFI a 2007, ga na Jamus da Sin da Iran da Turkiyya. Ban ce aikinsu farfaganda bane, wasunsu suna da 'yan jarida na ƙwarai da suka fi namu na gida 'yancin faɗar gaskiya, amma babu ƙasar da ke kashe kuɗinta tana yi maka labarai da harshenka don Allah da Annabi kawai. Ka saurara, ka amfana, amma idan labari ya shafi ƙasar da ke biyan kuɗin tashar sai ka ƙara da jin wata tashar. Ko jaridarmu ta farko mai daraja, Gaskiya Ta Fi Kwabo da aka fara a Zariya a Janairun 1939 da Abubakar Imam a matsayin edita, cikin dalilan da suka sa Turawa suka kafa ta har da toshe jita-jita da farfagandar Jamus ana dab da yaƙin Hitila, kuma majigin da ake yawo da shi gari gari a mota ana nuna wa kakanninmu shi ma da manufarsa. Wannan bai hana jaridar yi wa Hausa hidimar da har yau ake cin moriyarta ba.

Wadda ta fi haɗari ita ce mai ɓoye fuskarta, ko ma ta sa fuskar wani. A watan Disambar 2020 Facebook ya sanar da rufe wasu tarin shafukan bogi da ke aiki kan ƙasashen Afirka, musamman Afirka ta Tsakiya da Mali, har da Nijar da Chadi a cikin waɗanda abin ya taɓa. Wasu shafukan suna da alaƙa da mutanen da ke tare da rundunar sojan Faransa, wasu kuma da 'yan Rasha, kowanne yana shigar burtu kamar ɗan ƙasa ne mai kishi, har suna shiga ƙarƙashin fostin ɗin juna suna kiran juna maƙaryata. Ka duba fa, ɗan Bamako yana can yana ta zazzaga kwamen yana ganin da 'yan uwansa yake muhawara. Don haka duk shafin da ka ga yana zuga ka, shiga ka duba yaushe aka buɗe shi, ko ya taɓa canza suna, daga wace ƙasa masu kula da shi suke, Facebook yana nuna wannan a sashen bayanan shafi ga manyan shafuka. Shafin da jiya yake tallan atamfa yau ya koma sharhin tsaron Sahel, ai ba sai an gaya maka ba.

Me ake so ka ji, me ake so ka yi

Wannan a jikinka zaka gane. Ka karanta abu ka ji ƙirjinka ya ɗau zafi, hannunka har rawa yake ka tura, to tsaya nan. Ba wai duk abin da ya ɓata maka rai ƙarya bane, ƙasar nan cike take da abin ɓacin rai na gaske, amma mai farfaganda da fushi da tsoro yake aiki don ya san mai fushi baya tambaya. Masu bincike a jami'ar MIT sun fitar da wani nazari a 2018 kan labarai kusan 126,000 da aka yaɗa a Twitter, suka tarar labarin ƙarya ya fi na gaskiya saurin kaiwa ga mutum 1,500 da kusan ninki shida, kuma mutane ne ke tura shi da hannunsu ba na'ura ba.

Labarin da nake so kowa ya riƙe a nan shi ne na wata yarinya 'yar shekara 15 da aka gabatar da sunan Nayirah kawai. Ranar 10 ga Oktoban 1990, wata biyu bayan Saddam ya mamaye Kuwait, ta zauna gaban wani kwamitin 'yan majalisar Amurka tana kuka, ta ce tana aikin sa kai a asibiti ta ga sojojin Iraƙi suna ciro jarirai bakwaini daga kwalabensu suna barinsu a ƙasa su mutu. Waye zai ji wannan bai ji hawaye ba? Shugaba Bush na farko ya dinga maimaita labarin, sanatoci suka kafa hujja da shi, a Janairun 1991 majalisar dattawa ta amince da yaƙi da ƙuri'a 52 da 47. Sai a 1992 ta fito fili cewa yarinyar 'yar jakadan Kuwait ce a Amurka, kuma wani kamfanin gyara suna, Hill & Knowlton, da kuɗin gwamnatin Kuwait ke biya shi ne ya shirya zaman, masu bincike da suka je asibitocin basu samu abin da ya tabbatar da labarin yadda ta bayar ba. Abin lura a nan, mamayar gaskiya ce, sojojin Iraƙi sun yi zalunci na gaske a Kuwait, amma masu shirin sun san zaluncin da aka saba ji bazai motsa Ba'amurke ba, jariri a kan siminti ne zai motsa shi. Duk lokacin da labari ya zo maka daidai wa daida da abin da zai fi ƙona maka rai, jariri, mace mai ciki, masallaci, Alƙur'ani, coci, to nan ne ya kamata ka fi jan birki.

Abin da aka bari a ƙasan kwando

Ka san mai tumatir a kasuwa, manya jajaye a sama, ruɓaɓɓu a ƙasa. Bai yi maka ƙarya ba, waɗanda ka gani tumatir ne kuma masu kyau ne, jerin ne yaudarar. Mafi yawan farfagandar gwamnatoci da 'yan adawa haka take. An gina azuzuwa ɗari, gaskiya ne, amma nawa aka ce za a gina, nawa aka fitar, malamai nawa ne a ciki? Farashin shinkafa ya sauka, gaskiya ne, daga nawa zuwa nawa, kuma nawa yake kafin a hau mulki? A ɗaya ɓangaren ma haka, ɗan adawa zai ɗauki hoton rami ɗaya a titi mai kilomita hamsin. Don haka duk inda ka ga lamba tsirara ka tambayi abokiyarta, cikin nawa, idan aka kwatanta da yaushe. Duk inda ka ga bidiyo na daƙiƙa ashirin na wani malami ko ɗan siyasa yana faɗin abin mamaki, nemi cikakken, sau da yawa jimlar da ta biyo baya ita ce ke rushe wadda aka yanko, ko ma ka tarar maganar wani yake kawowa don ya yi raddi.

Sannan ƙaryar da ta fi daɗewa ita ce wadda aka ɗora kan ciwo na gaske. A 1983 wata ƙaramar jarida a Indiya ta buga wasiƙa marar suna wai Amurka ce ta ƙera cutar ƙanjamau a ɗakin gwaji, hukumar leƙen asirin Tarayyar Sobiyet ce ta dasa labarin, daga nan jaridun ƙasashe da dama suka ɗauka kowa na cewa ga abin da jaridar Indiya ta ruwaito, a 1992 shugaban leƙen asirin Rasha Yevgeny Primakov ya amsa cewa aikinsu ne. Me ya sa ta karɓu? Don biri ya yi kama da mutum, an riga an san gwamnatin Amurka ta shafe shekara 40, daga 1932 zuwa 1972, tana bin wasu baƙaƙen fata masu ciwon tunjere a Tuskegee ba tare da yi musu magani ba don ta ga yadda cutar ke ci. Mu ma nan gwajin maganin Trovan da Pfizer ya yi wa yara 200 a Kano lokacin annobar sanƙarau ta 1996 gaskiya ne, kuma shi ya sa da maganar allurar shan inna ta taso a 2003 mutane da yawa suka tsorata. Abin yi shi ne ka raba biyun da kanka, ka ce wancan ya faru na yarda, wannan sabon da aka jingina masa fa ina hujjarsa? Faruwar na farko bata isa shaidar na biyu ba.

Sunan da ake kiran mutane da shi

Wannan gajere ne amma kada ka raina shi. Gidan rediyon RTLM na Ruwanda da ya fara aiki a 1993 da kiɗa da barkwanci ya ja matasa, a tsakanin waƙa da waƙa yana kiran 'yan Tutsi kyankyasai. A 1994 aka kashe mutum kusan 800,000 cikin kwana ɗari, rediyon yana karanta sunaye da inda mutane suka ɓuya, a 2003 kotun duniya da ke Arusha ta ɗaure manyansa. Idan ka ji an daina kiran mutane da sunansu an koma kiransu da na dabba ko ƙwaro ko cuta, ko an ɗauki laifin mutum biyar an ce ƙabila kaza ko 'yan addini kaza ne suka yi, ba sai ka jira binciken kowa ba, farfaganda ce, ko da kuwa laifin mutum biyar ɗin gaskiya ne. Haka kalmomi masu ƙyalli da babu komai a ciki, canji, sabon fata, ceto, kishin ƙasa, ka tambaya a yi me, yaushe, da kuɗin wa.

Hoto da bidiyo da murya

Da muna cewa gani ya kori ji, yanzu kam sai a hankali. A watan Yunin 2018 lokacin kashe-kashen ƙaramar hukumar Barikin Ladi a Filato wasu munanan hotuna suka bazu a Facebook, binciken da BBC ta yi daga baya ya nuna ɗaya daga bidiyoyin da suka fi tayar da hankali ba a Najeriya ma aka ɗauke shi ba, daga Kongo Barazabil yake tun 2012. A ranar 24 ga watan aka tare hanya a Jos aka ciro mutum 11 daga motoci aka kashe, 'yan sanda suka ce hotunan nan sun taimaka wajen hura wutar. Waɗanda suka tura ɗin da yawansu gani suke taimakon 'yan uwansu suke yi.

Abin da zaka yi bai fi minti biyu ba. Ka yi sikirinshot na hoton ko na wani wuri a bidiyon, ka sa a Google Lens ko TinEye, zai nuna maka inda hoton ya taɓa fitowa, idan ka gan shi a wani shafi na shekara biyar baya magana ta ƙare. Ka zuba ido kan lambar mota, rubutun allon shago, kakin 'yan sanda, ɓangaren da motoci ke bi a titi, harshen da ake yi a bayan fage, ko damina ce ko rani. An ce jiya ne a Gusau cikin watan Maris amma ga ciyawa shar ga hadari, to. A WhatsApp kuma idan ka ga kibiya biyu a saman saƙo alamar ya bi hannu da yawa kenan kafin ya iso ka, wanda ya turo maka bai san mafarinsa ba. Ka kwafi jimla ɗaya daga ciki ka nema a Google, ka leƙa shafukan tantance labarai irin su Dubawa ko Africa Check ko sun riga sun taɓa shi. Murya kuwa yanzu manhajojin ƙirƙirarriyar basira suna kwaikwayonta, saboda haka saƙon murya na wani babba wai an naɗe shi a ɓoye yana zagin yankinku, ka ajiye shi a matsayin ba a sani ba har sai wata kafa mai suna da adireshi, wadda za a iya kai ta kotu, ta tsaya a kansa.

Kada kuma yawan masu faɗa ya ruɗe ka. Shafi talatin sun sa magana ɗaya cikin awa ɗaya, da jimla iri ɗaya har da kuskuren rubutu iri ɗaya, wannan ba shaidu talatin bane, mutum ɗaya ne ya rubuta ya raba wa 'yan data. Maganar Jubril na Sudan ma, wai Buhari ya mutu an sauya shi da wani mai kama da shi, ai da maimaici ta rayu, har sai da Buhari da kansa ya tsaya a Foland a Disambar 2018 yana cewa shi ne ba wani ba.

Naku ɓangaren

Nan ne wajen da yake da wuya, don farfagandar abokan hamayya kowa gwani ne wajen gano ta. Wadda ke cin ka ita ce ta jam'iyyarku, ta ɗariƙarku ko ƙungiyarku, ta yankinku, wadda idan ka ji sai ka ce ai dama na sani. A zaɓen 2015 jaridar Guardian ta Ingila ta bankaɗo daga baya, a 2018, cewa wani attajiri mai goyon bayan Jonathan ya ɗauko kamfanin Cambridge Analytica, aka yaɗa wani bidiyo mai cike da jini don a tsorata masu zaɓe da Buhari. Ɗan APC zai ji wannan ya ce ka gani ko. To ita ma APC kafin zaɓen ta ɗauko kamfanin AKPD na Amurka ya taya ta tsara saƙon kamfen, ban ce aikin biyun ɗaya bane, na farkon ƙazanta ce, amma ka sani babu ɓangaren da taken da kake rerawa ya faɗo daga sama, zama aka yi aka auna wace kalma ce zata shige ka. Gwajin da nake bai wa mutane shi ne ka cire sunan ka sa na naka. Da gwamnan da kake so aka ce ya yi wannan, da wannan hujjar kaɗai zaka yarda? Idan amsar a'a ce to hujjar bata isa ba a nan ma.

Shi ya sa idan zaka yi amfani da kalmar a rubutu ko a muhawara, kada ka jefa ta ita kaɗai ka tafi. Ka faɗi ta waye, ka faɗi dabarar, ka faɗi abin da aka ɓoye. "Wannan farfagandar gwamnati ce, sun faɗi azuzuwan da aka gina basu faɗi cewa rabinsu babu malami ba", wannan magana ce da za a iya bincika a ce ka yi daidai ko ka yi kuskure. Amma "duk farfaganda ce" kawai, ita kanta dabarar masu farfaganda ce, don wanda aka kama da hujja babu abin da ya fi masa sauƙi kamar ya sa jama'a su ɗauka kowa maƙaryaci ne. Idan ƙarya ce kawai ka ce ƙarya, idan kuskure ne ka ce kuskure, idan ra'ayi ne da baka so ka ce ban yarda ba.

Saura gurup ɗin gida, inda mai turowar kawunka ne ko yayar mahaifiyarka. Kada ka gyara musu a bainar jama'a, kuma kalmar farfaganda ma kada ta fito daga bakinka, ji zasu yi ka ce musu 'yan koren wani ne. Ka bi su ta gefe ko ka kira, bayan gaisuwa ka ce Kawu wannan bidiyon da aka turo muku na duba, ashe tsoho ne daga wata ƙasa, ga inda ya fara fitowa, na ce bari in sanar da ku kada wani ya riƙe ku da shi. Sai ka bar musu su goge da kansu, ko su sa gyaran a gurup da bakinsu.